An Sake wa Inna Waya

Zuwa ga ƙanwata Allura,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Inna da wannan keken ɗinkin naki da ba ya barin maƙwabta su yi barcin rana. Ni ma lafiya lau, in ban da tarin da tururin guga ya saka min, wanda yanzu ya zama ɗan gida, da ƙafafuna da ke kumbura in yamma ta yi. Aikin otal yana nan yadda kika saba ji a bakina. Zannuwan gado su sauko mana da datti, mu wanke, mu goge, gobe su dawo. Duk shekarun da na yi a ƙasar nan ban taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya cikin masu kwana a kansu ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a cikin saƙon da na ba direban nan Mai Kaya ya kawo muku. Maganar da nake son mu yi ba ta gaban Inna ba ce, wayar gidan kuma kin fi ni sanin halinta. Tana ɗaure da caji a jikin bango kusa da gadon Inna, da an zare ta ta mutu, balle ki fita da ita tsakar gida mu yi magana. Ni ma a nan ɗaki ɗaya muke da wasu mata, ko tari na yi sai an tambaye ni da wa nake.

Maganar wayar ce dai. Allura, na gaji. Duk ranar hutuna sai in yi wanka, in ɗaura ɗankwalina mai kyau, in zauna bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, in kira. Abin da zan gani shi ne wani abu fari-fari yana motsi, wai uwata ke nan. Ban san ko ta rame ba, ban san ko ta yi ƙiba ba. Rannan na daɗe ina yi wa filo magana, ashe ita ta juya tana neman takalminta.

Makon jiya wata da muke guga tare ta kira gida a gabana. Ta saya wa tsohonta sabuwar waya. Wallahi har gashin girarsa ana gani, har ƙudan da ya sauka a hularsa. Ta ce masa, "Baba, me ya samu leɓenka?" Ashe ƙurji ne yake ɓoyewa, washegari aka kai shi asibiti. Na koma teburina na ƙona rigar filo guda, don idona ya cika ban ga abin da nake yi ba.

Ina so in saya wa Inna sabuwa. Na leƙa shago, sai suka yi ta min yaren da ba na ji, wai wannan idonta uku, waccan ba ta cin caji. Ke da kike tare da abin kullum, gaya min gaskiya. Canjin zai yi amfani, ko dai sabis ɗin unguwarku ne bai da kyau, in je in zubar da kuɗina a banza? Na san ke 'yar Kawu ce, ba Inna ta haife ki ba, amma ke ce hannuna da idona a gidan nan, ba na yanke komai sai da ke.

Man zafin na gwiwar Inna ne. Yadin naki ne, kada ki ɗinka wa wata.

Yayarki.

*

Yaya Mai Wushirya,

Amin, wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Yadin ya yi kyau, sai dai kalarsa ta tsofaffi ce, da alama zaman can ya ɓata miki ido. Ni lafiyata ƙalau, bayana ne kawai ke ƙorafi, shi ma na ce masa ya bi layi.

Gwaggo jiki da sauƙi. Tana cin abinci idan na zauna na ci tare da ita. In ban zauna ba sai ta tura kwanon ƙarƙashin gado, wai ta ajiye wa mahaifinki, mutumin da ƙasa ta rufe tun kafin ki tafi. Mantuwar ce dai ke ƙaruwa. Ni kaina yau ni ce 'yar ƙaninta, gobe ni ce 'yar aikin da ta sace mata cokali. Jiya da safe na shigo da ruwan wanka, ta tambaye ni wa ya ba ni izinin shiga ɗakinta.

Amma ke ba ta taɓa manta ki ba. Ba ta san Litinin ba, ba ta san Asabar ba, amma da wayar nan ta fara wannan ƙarar tata mai kama da kukan gyare, sai ki ga ta miƙe zaune tana gyara ɗankwali. Ta ce, "Ga Wushiryata nan, miƙo min ita." Ta riƙe wayar da hannu biyu har igiyar cajin ta miƙe. Bayan kun gama kuwa, ranar ta zama tawa. Ta yarda in yi mata wanka, ta yarda in yi mata kitso, har ta ba ni labarin yadda kike satar sukari kina ƙarama, wanda dama mun sani. A ƙarƙashin filonta wayar ke kwana, da igiyarta da komai. Bayanta ya kumbura har murfin ba ya rufuwa, da robar ɗaure gashi na ɗaure ta.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Sabis ba shi da laifi, maƙwabtanmu lafiya lau suke kallon 'yan uwansu. Wayar ce ta tsufa. Gilashin ya tsage, tun da ta faɗa cikin bokiti kuma wani rawaya-rawaya ya rufe shi, muryar mutum sai ta fito siririya. Sabuwa za ta fi ta a komai, wannan ba musu. Duk da haka ki bar ta, Yaya. Ba kowane abu ne ganinsa tar yake da daɗi ba. A halin da muke ciki, dishi-dishin nan rahama ne.

Zan yi miki bayani a tsanake in na samu sarari. Yanzu Mai Kaya yana ƙofar gida yana danna hon kamar shi ya haife ni, ga mai riga zaune tana jiran in saka mata zif. Kuɗin wayar ki sha maganin tari da shi.

Ƙanwarki, Allura.

*

Allura,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni dai tun da takardarki ta zo ban ƙara cin abinci ya yi min daɗi ba.

Na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki. Na jira bayanin da kika ce za ki yi, Mai Kaya bai sake zuwa ba, wai motarsa ta lalace. Na kira har sau biyu, na ji muryarki a gefe kina cewa Inna ta gaishe ni, ba ki ce min komai ba.

Mene ne ba a so in gani? Rahama ga wa? Uwata ce fa. Kin ce sabis ba shi da laifi, kin ce sabuwa za ta fi, sannan kin ce in bari. In mutum ya ce min ga haske amma gara in zauna a duhu, dole in tambaye shi me ke cikin ɗakin.

Akwai wata a ɗakinmu da ta yi shekaru tana aika gida, kullum a ce mata tsohuwa lafiya lau. Ranar da ta je ta tarar da bayan uwarta duk gyambo, an bar ta a kan shimfiɗa ɗaya har ta manne. Ban ce ke haka kike ba. Amma ita ma 'yar uwarta ce ke jinyar, ita ma tare suka tashi. Allah ya sani ban so wannan tunanin ya shigo min ba, amma ya shigo, ya ƙi fita.

Ban jira Mai Kaya ba. Wata mata ce za ta wuce ta garinku, na ba ta wannan takarda da kwalin da kike gani. Na saya, mai ido ukun. Ki kai wa mai gyaran waya ya mayar da layin cikinta. Waccan kuma a jefar da ita, kada in ƙara jin labarinta.

Ranar hutuna zan kira. Ki ɗage labule haske ya shigo. Ina so ki nuna min hannayenta da ƙafafunta, ki kuma juya ta in ga bayanta.

Yayarki.

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa, tunda ita ba a ƙin amsa ta. Kin tambayi lafiyarmu. Babu daɗi.

Na san kina ta kira ba ya shiga. Ni na kashe wayar, na mayar da ita kwalinta, na ɗora a saman durowa. In na ji muryarki yanzu zan faɗi abin da ba zai ɗinku ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Na yi duk abin da kika ce. Na jira Gwaggo ta yi barcin rana, na zaro tsohuwar daga ƙarƙashin filonta kamar ɓarauniya. Na je wajen mai gyara zuciyata na tafasa, takardarki na cikin jakata. Ya cire layin, ya ce wannan fa? Na ce ya riƙe, mai ita ta ce a jefar. Na dawo na ɗage labule. Na yi mata wanka, na zaunar da ita inda haske ya fi, don ki duba kayanki da kyau.

Ke rabin abin kika gani, bari in gaya miki na nan ɓangaren. Da wayar ta yi ƙara ko motsi ba ta yi ba, ba ta san kiɗan ba. Na ce, "Gwaggo, ga Wushiryarki." Ta gyara ɗankwali, ta miƙo hannu biyu, fuskarta duk murna. Sai kika fito tar, kamar kina zaune a bakin gadon. Na ga murnar tana sauka daga fuskarta a hankali. Ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?" Kika yi dariya, kin ɗauka wasa take. Dariyar ce ta ƙarasa ɓata komai, don ta ƙura wa bakinki ido. Ta juyo ta ce min, "Ke, wace ce wannan tsohuwar?" Kika ce, "Inna, ni ce." Ta ce, "A'a. 'Yata yarinya ce, tana da wushirya. Wannan ko murya irin ta maza gare ta." Ta ture hannuna, wayar ta kifa a kan katifa.

Abin da ba ki gani ba shi ne bayan nan. Ta ɗaga filo. Ta ɗaga zanin gado. Ta sauka da gwiwar nan tata ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta bi igiyar caji da hannu daga bango har ƙarshenta, ta ga babu komai a jiki. Sai ta dube ni ta ce, "Cokali bai ishe ki ba, har da 'yata kika ɗauke?" Ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba.

Ga bayanin da kike nema. A tunanin Gwaggo, bara kika tafi. Haka take gaya min kullum, wai yarinyar ba ta daɗe da tafiya ba, in ta tara na keken ɗinki za ta dawo. Tsohuwar wayar ba ke take nuna mata ba. Ɗankwali take nuna mata da inuwar fuska da siririyar murya, sauran ita ke cikawa da kanta. Na daɗe da gane haka. Na rubuta miki shi dalla-dalla washegarin tafiyar Mai Kaya, takardar na nan a aljihun keke, ba ta samu mai kai ta ba. Da na san gaggawar da za ki yi, da na bar mai zif ta jira.

Ni ma fa na tsorata da na gan ki, gara in faɗa. Ga tabarau, ga kumatu sun faɗa, ga furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ina wushiryar taki ta tafi? Wa ya jera miki haƙora haka?

Maganar gyambo kuwa ta yi min ciwo, Yaya, har yanzu tana yi. Ni nake wanke uwarki in ta ɓata shimfiɗa. Ni nake shan zagi da sunan ɓarauniya. Ban taɓa rubuta miki wannan ba, don ban ɗauke shi aikin da za a gode min ba. Ba ki samu damar ganin bayan nata ba, to babu komai a wajen sai ƙashi.

Allura.

*

Ƙanwata,

Sallama. Ya jikin Inna, ya bayanki? Ni ban san me zan ce game da nawa jikin ba, yana zuwa aiki dai yana dawowa.

Ki yafe min. Ba ni da hujja ko ɗaya da zan kawo. Tsoro ne ya ci ni, na rasa wanda zan ɗora wa, na ɗora wa wadda ta fi kowa yi min alheri a duniya.

Kafin Inna ta ture wayar na ga abin da na gani. Na ga kitsonta sabo, layi-layi, irin wanda ba a yi wa mutum sai da haƙuri. Na ga farcenta a yanke. Na ga labulen da na aiko tun da daɗewa, a wanke, an yi masa faci a ƙasa da zare mai kalarsa. Kunya ta kama ni tun kafin ta buɗe baki. Na kuma ga uwata, Allura. Ta zama 'yar ƙarama. Ɗan tabon nan na gefen hancinta yana nan. Wannan shi na biya kuɗi in gani, na kuma gani, ba zan ce shagon ya cuce ni ba.

Haƙoran da kika tambaya, na roba ne. Shekarun baya santsi ya kwashe ni a gaban injin wanki, bakina ya daki ƙarfen keken da muke tura zannuwa. Na gaban duka suka zube. Likitan da ya yi min waɗannan ya jera su tsaf, yana ta jin daɗin aikinsa, wai ya gyara min har da abin da Allah bai gyara ba. Ban gaya muku ba don kada hankalinku ya tashi, wayar kuma ba ta taɓa tona ni ba. Ni kaina na manta yadda na koma. Madubin ɗakinmu ƙarami ne, kullum da layi a gabansa, ni kuma sauri nake. Ranar da na dawo daga bakin tagar nan na tsaya na dubi kaina sosai. Gaskiyar Inna ce. Ni ma da aka nuna min matar nan aka ce 'yata ce, zan tambaya wa take nema.

Don girman Allah ki je wajen mai gyaran nan ki karɓo tsohuwar. Ko nawa ya ce ki ba shi. A mayar da layin, a ɗaure ta da robarta, a saka mata ƙarƙashin filo kamar ba a taɓa ɗauka ba. Ta manta inda ta ajiye cokali, ta manta mahaifina ya rasu, ai wannan ma za ta manta. Na yarda in koma yi wa filo magana har ƙarshen rayuwata.

Sabuwar ki riƙe, ta zama taki. Ki kunna ta, ko zagina ne ki yi in ji.

Yayarki mai laifi.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na yafe, ni ma ki yafe min kashe wayar da na yi. Yanzu da ta daina zama ɗaure a bango na san za mu iya magana a tsakar gida, amma kin ga yadda muke ƙarewa, ke kuka ni kuka, babu wanda ya ji wani. Shi ya sa na koma takarda. Bayana na nan yadda yake. Gwaggo kuwa jikin ya ja baya.

Ban jira takardarki ba. Washegarin ranar da abin ya faru na koma wajen mai gyara tun bai gama buɗe shago ba. Ya jawo min wata durowa cike da gawarwakin wayoyi, ya ce in duba. Ya riga ya farke ta, ya cire abin da zai cire, batirin da gilashin ya zuba a shara. Robar gashina kawai na gane, tana ɗaure da wasu wayoyin caji. Ban iya gaya miki a waccan takardar ba. Ke kika ce a jefar, amma ni na miƙa da hannuna, kuma na san abin da nake miƙawa. Fushi ne ya kai ni.

Mutumin ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya nemo min irinta sak, ta hannu. Na ɗaure ta da roba na saka ƙarƙashin filo. Gwaggo ta ɗauko, ta shafa gilashin da yatsa, ta ji babu tsagar, ta ce ba tata ba ce. Na koma na ce ya tsaga min gilashin. Ya dube ni ya ce tun da ya fara sana'ar nan ba a taɓa kawo masa waya a ce ya lalata ba. Ya tsaga, amma tsagar ba ta bi inda waccan ta bi ba, hoton kuma bai yi rawaya ba. Sauran kin gani da idonki. Mun rufe gilashi da leda, mun shafa masa man shafawa, kin cire tabarau, kin koma nesa da taga, kin siranta murya har matan ɗakinku suna dariya. Gwaggo ta manta komai a duniya, amma wannan ta riƙe shi gam, wai akwai wata tsohuwa da ke shigowa waya tana cewa ita ce 'yarta.

Yanzu ta daina cewa na sace ki. Da ma ta ci gaba, ya fi min sauƙi. Cewa take kin samu duniya kin manta da ita. Kullum hannunta na ƙarƙashin filo yana lalube. Kitson da kika yaba ya tsufa, ta hana ni taɓa kanta. Abinci sai cokali biyu uku, ta kau da kai.

Sabuwar wayar kuwa babu abin da zan ce da ita. Caji ɗaya ya kai ni har gobe. Na ɗauki hoton wata riga da na ɗinka na tura wa mai ita, ta tura wa ƙawayenta, yanzu ɗinki ya yi min yawa har ina mayar da wasu. Rannan wata ta tambaye ni ko ta sake tata, ko canjin na da amfani. Na ce mata waya ce mai kyau ƙwarai, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Yaya, ki zo gida. Ban san me zai gyara ba, amma ki zo.

Ƙanwarki, Allura.

*

Allura ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka miki da abin da ni ba zan iya ba. Tarin ya ɗan matsa min kwanan nan, amma ina fita aiki.

Ba zan iya zuwa ba. Takardun zamana sun daɗe da ƙarewa, kin sani. In na fita ba dawowa, maganin Inna da hayar ɗakin da take kwance kuma daga teburin gugar nan suke fitowa. Na kwana na tashi da lissafin nan, bai canza ba. Ko da ya canza, wa zai shigo mata ɗaki? Wannan fuskar ce dai za ta yi sallama, babu leda, babu man shafawa. A waya in ta tsorata kifa ni take yi. In ina tsaye a kanta ban san yadda za ta yi da ni ba.

Za ki yi dariya, ki yi, ni ma na yi. Na je wajen likitan haƙori na ce ya buɗa min wushirya. Ya ce shi gyara yake yi. Na dawo na cire haƙoran, na sa abin goge farce na yi ta gurzawa a tsakiya. Ɗaya ya ɓalle. Yanzu giɓi gare ni, in na yi magana iska na fita.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar hutun da ta wuce, da aka yi miki sallama kika jingina wayar da kofi kika fita auna mai riga, na zauna ina kallon uwata kawai. Ban ce Inna ba, ban ce ni ce ba. Can sai ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Baiwar Allah, har yanzu kina nan?" Na ce ina nan. Ta ce daga ina nake magana. Na gaya mata. Sai ta matso, ta rage murya kamar kada ki ji. Ta ce, "Ashe can kike. Ina da 'ya a can. Doguwa ce, mai wushirya, guga take yi a wani otal. Ko kin san ta?"

Na ce na san ta.

Allura, ta miƙe zaune. Ta gyara ɗankwali. Ta tambaye ni ko yarinyar na cin abinci, ko ta yi ƙawaye, ko masu otal ɗin na yi mata faɗa. Na amsa mata duka. Ta yi min kirki ƙwarai, har ta ce in sha zuma saboda tarin nan, wai a shekaruna ba a wasa da tari. Rabon da mu yi hira mai tsawo haka tun wayar can na raye. Daga ƙarshe ta ce, "In kin gan ta ki ce uwarta ba ta yi fushi ba. Ki ce ba sai ta aiko komai ba. Ta kira ni kawai." Na ce zan isar.

Don haka ki daina ce mata ga Wushiryarki. Ranar hutuna in na kira, ki ce mata matar nan ce da ta san 'yarta. Ki goge man da ke jikin gilashin, ki jingina ni da kofi yadda kika yi. In ta sake a lokacin, ki gwada kawo abincin, wataƙila ta ci muna hira.

Abu ɗaya nake roƙo ki taya ni tunani kafin ranar, don ke kin fi ni baki. Za ta tambaye ni ko na isar da saƙon. Za ta tambaye ni me yarinyar ta ce, da dalilin da ya sa har yanzu ba ta kira ba. Na yi guga yini guda ina neman amsa, ban samu ba.

Yayarki.